Wayar Ƙofar Baya

Ana dab da magariba Auta ya isa gidan yayarsa da jakar kayan aiki. Gyaran wuta ne sana'arsa, amma ya daɗe yana ce mata gobe. Tun daga bakin ƙofa ta tare shi da gori, wai mai gyara wa gari guda wuta, ta gidan 'yar'uwarsa ce ta gagare shi.

Abin kuwa ba na dariya ba ne. Babansu a wurinta yake zaune tun da tsufa ya taɓa masa hankali. Ya taɓa ficewa, sai a bakin babban titi aka tsinto shi ba takalmi. Shi ya sa Auta ya sa mata ƙararrawar ƙofa mai kyamara, wadda ke nuna mata mai shiga da fita a salularta ko tana wurin aiki. To amma kullum rana ta faɗi sai hoton ya ɗauke. Yaya ta ce a daidai lokacin ƙararrawar kan buga sau ɗaya, ta leƙa ba kowa, daga nan kuma sai wani gurnani a bango har wayewar gari.

Auta ya kwance kyamarar, ya ɗora mita a kan wayoyin. Wuta cike take. Ya duba fis, ya ƙara ɗaure sukurori, ya mayar da komai. Da yake shiga da fita yake yi, sai ya bar ƙofar a saye ba kulle.

Yana cikin tattara kaya ƙararrawar ta buga. Sau ɗaya.

Hoton ya mutu a salular Yaya. Auta ya taɓa ƙaramin taransifoman da ke ba ƙararrawar wuta, ya janye hannu da sauri. Zafi zau, ga warin ƙonannar roba. Ya hau kujera ya buɗe akwatin ƙararrawar da ke bangon falo, tsohon akwati ne da suka tarar a gidan. Ƙarfen da ke bugawa ya maƙale yana karkarwa, shi ne gurnanin. Kuma wayoyi uku ya gani, inda yake zaton biyu.

Kowane mai gyaran wuta ya san irin akwatin nan. Madannin gaba bugu biyu yake yi, na ƙofar baya bugu ɗaya. In aka danna ba a saki ba, duk wutar can take tafiya, kyamara ta zauna da yunwa.

"Yaya, gidan nan yana da ƙofar baya?"

Ta ce babu, haka suka saye shi.

Ya bi wayar ta ukun da tocila. Ta bi ƙarƙashin silin, ta wuce kicin, ta shiga ɗakin ajiya. A can ya tarar da Baba zaune a kujerar roba, ya fuskanci bango. Yaya ta raɗa masa cewa kullum yamma nan yake zuwa, ta ƙyale shi tunda ya fi mata kwanciyar hankali.

Wayar ta nutse cikin bangon. Da ya haska daga gefe, sai ga shatin ƙofa a ƙarƙashin fenti, an toshe ta da bulo. Ya dafa wurin. Sanyi kamar bayan randa, ga warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ba kansa amsa irin ta ma'aikata: tsohon madanni ne aka binne a bango, danshin yamma ke haɗa shi. Maganinsa filaya.

"Tun ɗazu suke tsaye," in ji Baba, a hankali. "Ba su gajiya."

"Sannu, Baba."

Ya datse wayar.

Gurnanin ya tsaya. Gidan ya yi tsit, har yana jin numfashin Yaya. Can salularta ta yi haske, hoto ya dawo tangaram. Ta yi dariya, ta ce ashe dai ba a banza aka kai shi koyo ba.

Sai suka ji tsakuwa tana ƙara a bayan bangon.

Taku ne. Ba na mutum ɗaya ba. Ba sauri, ana jan ƙafa, ana bin lungun da ke gefen gidan. Ya wuce tagar kicin. Labulen bai nuna inuwar kowa ba.

Auta da Yaya suka juya. Kujerar Baba ba kowa.

Yaya ta miƙo masa salular. A hoton, ga su tsaye a bakin ƙofar gaba, jere. Dogaye ne, kyamarar ba ta kai ga fuskokinsu ba. Hannu ɗaya ya taso. Kan yatsan ya baje, ya suɗe saboda danna.

Ƙararrawa ta buga. Sau biyu.

Auta ya ruga. Baba ya riga ya ja ƙofar da shi Auta ya bari ba kulle, ya fitar da ƙafa ɗaya. A ido titi fayau yake, ba kowa, sai warin nan da sanyi. Ya cafki rigar Baba ta baya.

Wani abu ya riƙe wuyan hannun Auta. Ya ja.

Ƙafafunsa suka zame har dokin ƙofa. Ya buɗe baki, addu'a ta ƙi fita.

"Sake ni, Auta," in ji Baba, da muryarsa ta da, ta lokacin yana da lafiya. "Kar su haɗa da kai."

Yaya ta rungumo ƙugunsa, ta faɗi da shi baya. Rigar ta suɓuce. Ƙofar ta rufe da kanta, a hankali.

An nemi Baba har an gaji. Da aka duba abin da kyamarar ta ɗauka, shi kaɗai aka gani yana tafiya, hannunsa ɗage kamar wanda aka riƙe. Hannun Auta na dama bai sake riƙe filaya ba. Da hagu ya koma ya haɗa wayar da ya datse, don dogayen nan su koma bayan bangon, inda suka saba tsayawa, kuma sun koma.

Sai dai yanzu, kafin gurnanin ya fara, akan ji ana ƙwanƙwasa bulon daga baya, a hankali, da hannun da ba ƙarfi. Yaya ta ce ta san hannun ubanta. Auta ya roƙe ta kada ta taɓa bangon, ya yi kuka, ya kwashe duk wata guduma da ke gidan.

Ranar da ya leƙa ta da yamma, a ɗakin ajiya ya same ta durƙushe, tana kankare siminti da cokali. Ta riga ta cire bulo ɗaya.