Alawar da Malam Ba'ana Ya Raba

Ranar da Mikail ya fara ganin Najiba, a tsugune yake a ƙofar wata makarantar sakandare a Bolori, yana tsintar littattafai cikin rairayi. Gindin kwalin da ya sauke daga keke napep ɗinsa ne ya ɓalle, littattafan suka watse har ƙarƙashin taya.

Ƙamus ne na Turanci, kuma ba nasa ba ne. Na Ƙungiyar Sada Alheri ne, wasu 'yan kasuwa da ma'aikata da suke haɗa hannu su saya su raba wa ɗalibai kyauta. Shugabansu Oga Cosmas, mai shagon biskit da alawa, shi yake ba Mikail dakon kaya.

"Wushe, sannu Malam. Shuka su kake yi ne?"

Ya ɗaga kai. Wata budurwa ce sanye da mayafi ruwan toka, alli ya ɓata mata yatsu, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Wallahi, Malama, kwalin ne ba shi da ƙwari."

Ta durƙusa ta kama masa. Duk wanda ta ɗauka sai ta hure shi, ta goge da bakin mayafinta.

"Ka taɓa buɗe irinsa?" ta tambaye shi.

"Ɗaukarsa dai nake yi. Nauyinsa na sani."

Nan dariyar ta ƙwace mata. Shi kuwa Mikail ya tsaya da ƙamus a hannu, ya manta inda zai sa shi.

A Shehuri gidansu yake, kuma kullum sai ta sha wahalar abin hawa kafin ta iso Bolori, don haka ta karɓi lambarsa. Da yamma shi ya fara turo saƙo.

"Malama barka da yamma. Mikail ne mai keke, wanda kwali ya kunyata. Ina fata kin isa gida lafiya."

"Lafiya ƙalau, Direba. Littattafai sun ce a gaishe ka, har yanzu suna tofar da rairayi. Gobe da safe kada ka makara."

Bai makara ba. Kashegari ma haka. Tun tana ce masa Direba har ya koma Direbana, shi kuma Malama ta koma Malamata. In ya ɗauke ta, ba ya tsayawa wa kowa a hanya, ko da mutum ya ɗaga hannu biyu. Rannan ta ce masa, "Kai ba ka son fasinja ne?" Ya ce, "Keken ya cika." Ta dubi kujerar da babu kowa sai ita da jakarta, ta juya fuska waje tana murmushi.

To, ba Mikail kaɗai ne ya ga Najiba ba. Akwai Mahmud, mai magana da yawun ƙungiyar. Yana da mota, yana da takarda, kuma in ya fara Turanci sai an jira shi ya gaji. Wata rana Mikail ya zo ɗaukarta ya hango ta tana shiga motar Mahmud. Ya juya kan kekensa a hankali, ya koma gida Moduganari, ya kasa cin abinci.

"Malamata na ga kin samu mota mai sanyi. Allah ya sa alheri. Ni ba zan tsaya miki a hanya ba."

"Kai, Direbana! Wata ɗaliba ce ta suma, muka kai ta asibiti, tana kwance a kujerar baya. Kuma sanyin motar ya lalace, Turancinsa ne kawai yake aiki. Ka ci abinci?"

"Yanzu zan ci."

Da maganar Mikail na neman aurenta ta kai kunnen mahaifinta, Malam Ba'ana, sai ya girgiza kai. Dattijo ne mai magana ɗaya, kuma shi ne shugaban iyayen yara na makarantar da take koyarwa.

"Ni ban raina sana'a ba," ya ce wa mahaifiyarta, Ya Ammatullahi. "Amma na sha wuya kafin yarinyar nan ta zama malama. Wanda bai daɗe a aji ba, wata rana zai tashi ya ce ta zauna a gida. Mahmud ya fi sanin darajar abin da take yi."

Dangin Mikail sun riga sun aiko cewa ranar Asabar mata za su kawo kayan gaisuwa. Malam Ba'ana bai so ya kunyata su a bakin ƙofa ba, sai ya ce a karɓe su da mutunci, a ba su ruwa, amma kada a taɓa kayan. In ya dawo daga taron makaranta zai mayar musu. Kowa ya san al'ada: muddin aka raba alawa da biskit aka ci, an shaida wa duniya yarinya ta yi miji. In ba a raba ba, babu abin da ya ƙullu.

Najiba ta rubuta wa Mikail tana hawaye.

"Direbana, Baba ya ce zai mayar da kayan."

"Kada ki yi kuka Malamata. Mu dai mu kai. Abin da Allah ya rubuta ba a gogewa."

Asabar ɗin nan kuma ita ce ranar da ƙungiya za ta raba kashi na biyu na ƙamus, da taro da rumfa da mai ɗaukar hoto. Tun abin da ya faru a ƙofar makaranta, Mikail ya ba Oga Cosmas shawara a riƙa zuba littattafan a kwalayen biskit, sun fi ƙwari. Kayan gaisuwar ma a shagon ya saye su, aka zuba a irin kwalayen, aka ɗaure da irin igiyar. Suka kwana a shago, littattafan a dama, kayan gaisuwar a hagu.

Da safe Mikail ya zo hankalinsa rabi a nan rabi a Shehuri, ga goggonsa Yagana tana ta kiran waya wai mata sun gama shiri tun ɗazu. Ya kwashi na hagu ya kai makaranta. Ya ji su sakayau a hannu, amma ya ce a ransa soyayya ce ta ƙara masa ƙarfi. Ya dawo ya kwashi na dama ya ɗauki su Goggo.

Da aka zo sauke kaya a Shehuri, sai da mata biyu suka kama kwali ɗaya.

"Kai, ɗan nan ya yi abin kai!" in ji Goggo Yagana tana haki. "Wannan nauyi ai sai gidan manya."

Ya Ammatullahi ta shimfiɗa musu tabarma, ta ce a ajiye kayan a gefe tukuna. Goggo ta ce ina! Ba za ta ɗauko wannan nauyi ta tafi ba a ga abin da ke ciki ba. Ta kwance igiya da kanta, ta rangaɗa guɗa, ta buɗe.

Guɗar ta tsaya a rabi.

Wata tsohuwa daga dangin Najiba ta miƙa hannu ta ɗauki guda, ta juya shi, ta shinshina.

"Yagana, wannan dafawa ake yi ko haka ake ci?"

"Ko dai nufinsu mu jahilai ne?" in ji wata daga baya. "Gidan da ya haifi malama!"

Goggo ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, ta zauna daɓas ta dafe kai.

A Bolori kuwa, Oga Cosmas ya gama jawabi, ya roƙi shugaban iyayen yara ya buɗe kwalin farko da hannunsa mai albarka. Malam Ba'ana ya gyara babbar riga, ya yi bisimilla, ya buɗe. Biskit. Ya buɗe na kusa da shi. Alawa da cingam da dabino.

Oga Cosmas ya cire tabarau ya goge ya mayar. Yara kuwa tuni suka miƙe tsaye.

Mahmud ya ga mai hoto ya saita su, sai ya yi wuf ya karɓi lasifika.

"Jama'a, a kwantar da hankali! Wannan ɗan abin taɓawa ne kafin littattafai. Ni na tsara shi da kaina, daga aljihuna."

Aka tafa. Malam Ba'ana ya ji daɗi ƙwarai. Ya jera yara, ya riƙa damƙa musu da hannunsa, ya aika wa malamai, ya miƙa wa iyaye, har mai gadi bai manta ba. Ya jefa dabino a baki ya ce wannan mai kyau ne. Sannan ya ɗaga hannu.

"Wanda ya kawo wannan alheri, Allah ya biya masa buƙatar da ke ransa. Duk mai tsaya masa a hanya, Allah ya kawar da shi gefe!"

"Amin!" in ji yara, baki cike da biskit.

Najiba ce aka sa ta buɗe kwalin ƙarshe. Ta ga goro a lulluɓe da ganye, ga kwalaben turaren wuta. Babu ƙungiyar da ke raba wa ɗalibai turaren wuta. Ta rufe baki da mayafi, ba ta san ko dariya za ta yi ko kuka ba.

Daidai nan wayar Malam Ba'ana ta yi ƙara. Ya Ammatullahi ce.

"Malam, mutanen nan littattafai suka kawo mana."

Ya dubi wayar. Ya dubi yaran da ke lashe yatsu. Ya dubi ƙwallon dabinon da ke tafinsa.

"Mahmud," ya ce a hankali, "daga aljihun wa ka ce?"

Mahmud ya fara da Hausa, ya koma Turanci, ya sake dawowa. "Ai, Baba, direban nan ne. Abin da ake gudu ke nan in an ba wanda bai yi karatu ba aiki."

"Ɗazu kai ka tsara," in ji Oga Cosmas. "Mai hoto ya ɗauka."

Ana haka sai ga keke ya shigo, ya sunkuya da nauyin kwalaye, Goggo Yagana a baya ta rungume ɗaya tana faɗa tun daga ƙofa. Mikail ya sauke su gaban rumfa, aka raba wa yara ƙamus ɗinsu, kowa ya karɓa da hannu mai danƙon alawa. Kafin a watse, labari ya zaga: alawar Malama Najiba aka ci. Yara suka fita suna ihu, "Malama amarya! Malama amarya!"

Bayan la'asar Mikail ya je zauren Malam Ba'ana, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma.

"Ka zo ka ce na raba, ko?" in ji dattijon. "Ka kama ni."

"A'a, Baba. Kuskurena ne, ba ka san abin da kake rabawa ba. In ka ce a'a, ni da kaina zan bi Bolori gida gida in ce sadaka ce aka yi wa yara. Ba na son a ba ni ita don an rasa yadda za a yi."

Malam Ba'ana ya dube shi ya ce:

"To aikinta fa? Ranar da abokanka suka ce matarka ta fi ka, me za ka yi?"

"Ai ta fi ni, Baba, ba sai sun faɗa ba. Ni makaranta ta wuce ni, ina kallon ƙofarta kullum ina jin abu a raina. In na hana ta shiga, na cuci kaina sau biyu. Ni zan riƙa kai ta, ni zan riƙa ɗauko ta."

Daga bayan labule aka ji muryar Najiba, ƙasa ƙasa.

"Baba, tun da na san shi ban taɓa makara ba."

"Wa ya kira ki? Koma ciki!" Ya juya ga Mikail yana shafa gemu. "Na tara yara na yi addu'a a kawar da mai tsaya maka a hanya, suka ce amin. Addu'ar yara ba ta faɗuwa ƙasa. Gara in matsa da ƙafata kafin a matsar da ni. Ka turo manyanka."

Mikail ya fito daga zauren ya tafi har bakin titi kafin ya lura takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Saƙonta ya same shi a can.

"Direbana, ka dawo ka ɗauki takalminka. Baba yana ta dariya shi kaɗai."

"Bar shi nan Malamata. Ai gida ne."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Shehuri. Oga Cosmas ya zo da jar hularsa ya zauna cikin dattawa, Goggo Yagana ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Mahmud ya aiko da uzuri.

Ranar da hutun amarci ya ƙare, tun da sassafe Malam Ba'ana yana tsaye a ƙofar makaranta. Ya ce wa mai gadi aikin iyayen yara ne ya kawo shi, amma idonsa na kan titi. Ba a kaɗa ƙararrawa ba sai ga keke ya ɓullo. Najiba ta sauko da lalle a hannu, jakar littattafai a kafaɗa, ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta wuce aji.

Dattijon ya bi ta da kallo har ta shige. Sannan ya matso ya dafa kafaɗar Mikail.

"Allah ya yi muku albarka, ɗana. Allah ya ba ku zuriya mai karatu, ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Baba."

"Amma gobe ka rage gudu a kwanar nan. 'Yata ce a baya."