Ɗigon Gam a Kan Kibod

Ranar da ya fara ganinta, tana zaune gaban tsohuwar kwamfutar ofishin sito, hannuwanta a cinya. Tata kwamfutar ta faɗi da safe ta ƙi tashi, ga manaja na jiran jadawalin kaya. Shi ya sa aka kira shi, mai gyaran kwamfuta.

"Ke ce Auta?" Da sunan gida kowa ke kiranta, har a wurin aiki.

"Ni ce. Ga filashi, ka sa min manhajar da ke karanta min allo."

Ya sa. Wata murya ta fara magana a hankali kamar mai jin barci. Auta ta ƙara mata sauri har ya kasa tsintar ko kalma ɗaya, sannan ta sa iyafis a kunne. Yatsunta suka yi ta lalube a kan kibod.

"Tudun ya goge," ta ce. "F da J suna da ɗan tudu. Da su nake gane inda hannuna yake."

"Bari in kai ki layin da kike nema." Ya kama linzamin kwamfutar ya danna.

"Ka ɓatar da ni. Kada ka ƙara taɓa shi."

Ba da fushi ta faɗa ba, ina ma fushin ne. Tun da ciwo ya tafi da idonta bayan ta gama karatu, Auta ta daina fushi, ta daina murna. Ta ci, ta yi aiki, ta kwanta. A gida an yi rarrashin har an gaji.

Washegari yatsunta suka tarar da ɗigon gam busasshe a kan F da J.

"Na gode," ta ce, kamar mai karanta lambar mota.

Shi kuwa gogan ya tafi da wannan godiyar yana washe baki har shagonsa. Daga ranar, gyaran da bai fi na yini ɗaya ba ya koma kullum "ana jiran kaya". Mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa, sai ga saƙonni.

"Barka da yamma, Autar Abba. Yau ma na biyo ta ƙofar sito ba don komai ba. Ƙarya nake, don ke ne."

Wayarta ta karanta mata da irin muryar da ke karanta mata yawan kwalaye. Ta amsa: "Na ji."

Bai karaya ba. Yakan raka ta bakin titi, ta riƙe gefen jakarsa, yana surutu tana shiru. Da tafiya ta yi tafiya, ta lura kunnenta na jiran takunsa, amma ba ta san sunan da za ta ba abin ba.

Ranar da ya je gaishe da mahaifinta da maganar aure, Abba ya saurare shi har ya dire, sannan ya ce, "Yaro, tausayi ba ya riƙe aure. Yau ka tausaya, gobe ka gaji, ka dawo min da ita ta fi da lalacewa. Bar min ƴata."

Auta na bayan labule tana ji. Ta laluba zuciyarta ko za ta ji ciwo, ba ta ji komai ba. Tambaya ɗaya ce ta zauna mata: so ne, ko tausayi?

Tana da wata al'ada a aikinta. Kafin ta tashi, takan ajiye jadawalin a daidai gurbin da ta tsaya, don da safe muryar ta fara da shi. Wata safiya muryar ta fara da wani gurbi can sama. Washegari ma haka.

"Wa ke buɗe min aiki bayan na tafi?"

Sakatariya, wadda ta daɗe tana yi wa mai gyara fari da ido a banza, ta ce, "Au, ba ki sani ba? Mutuminki ne yake bi yana gyara miki kurakurai. Bawan Allah, akwai tausayi."

Auta ta cire iyafis ta naɗe igiyarsa a yatsa. Da yamma ta tura masa saƙo mafi tsawo da ta taɓa rubuta masa: "Abba ya yi gaskiya. Ka kawo min kwamfutata gobe, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba."

Ya kawo. Ya ajiye a kan teburin ya kasa tafiya.

"Masu lodi suna shafa wa layin fasassun kwalaye jan launi a jadawalin," ya ce. "Muryar ba ta faɗa miki launi sai kin tambaya. Kina haɗa su da masu kyau. Na gani, na ji tsoron faɗa miki."

"Kowa tsoron faɗa min yake. Tun da idona ya tafi ba wanda ya ce na yi laifi. Ko gishiri na cika a girki, Umma cewa take ya yi daɗi. Kamar na mutu ana yabon gawa."

Ya ja kujera ya zauna.

"To, kin yi laifi. Aikin makon nan duk a karkace yake. Kin kuma cika taurin kai. Sannan 'na ji' ba amsa ba ce, rowa ce. Mutum ya ɓata yamma yana tsara kalamai, ki ce kin ji, sai ka ce sanarwar rediyo!"

Wani abu ya taso mata daga ƙirji. Ta zaci tari ne, ashe dariya ce, dariyar kuma ta zo da hawaye. Rabonta da su biyun har ta manta.

"Kai kuma maƙaryaci. Na san tun ranar farko kwamfutar nan ta gyaru."

"Na amsa laifina, ranki ya daɗe."

"Mayar da hannunka baya. Faɗa min layin, ni zan gyara."

Haka suka yi. Yana faɗa, tana bi da yatsa gurbi-gurbi. Da ta gama, ta ƙara gurbi guda a gefe, ta aika wa masu lodi cewa daga yau a rubuta "fasasshe" da haruffa, a bar shafa launi.

Da ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Abba, yau ya yi min faɗa."

"Faɗa? Ke?" Abba ya ajiye jarida. Ya dubi fuskar ƴarsa, idanun sun kumbura, bakin kuma ya ƙi rufuwa. Ya daɗe yana kallo kafin ya share nasa idon da hannun riga. "Ce masa ya turo manyansa."

Bayan ɗaurin aure, Abba da kansa ya raka ta sabon gidan. Ta shiga tana bin bango da hannu, komai baƙo, har yatsanta ya faɗa kan makunnin fitila. Ga ɗigon gam. A murhu ma akwai, a makullin ƙofa ma.

"Mai gam ɗina," ta ce a hankali. "Wannan a karkace ka ɗiga shi."

"Ke kuma kin taka min ƙafa, amarya," in ji ango.

Abba ya ɗaga hannu yana dariya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya kuma bar muku ɗan abin da za ku riƙa yin faɗa a kai."

Auta ce ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.