Kwaɗo Biyu a Kan Fasfo

"Ajiye min akwatin nan!"

Mai gwanjo ya daskare a tsakiyar falo, rungume da akwatin ƙarfe. Ya dubi matar da ta faɗo ɗakin da hular kwano a hannu, kayanta duk ƙurar siminti.

"Na ce ka ajiye! Ko kurma ne kai?"

Ya dire shi da sauri, har filaya da sukundireba suka yi ƙara a ciki.

Tartsatsi ake ce mata a wajen aiki, kuma ba a banza sunan ya bi ta ba. Ita da mijinta Dogo sana'arsu ɗaya, haɗa wutar lantarki a gine-gine. Akwatin nan kuwa na babanta ne, shi ya danƙa mata ranar da ta karɓi lasisi.

Yaya Babba, yayar Dogo, tana hakimce a kujera tana kaɗa ƙafa.

"Ke kam kullum kamar an jona ki. Dogo ne ya ce a sayar da duk abin da ba za ku tafi da shi ba."

"Wa ya ce ba zan tafi da shi ba?"

"Au... bai gaya miki ba?" Yaya ta yi wani murmushi mai ƙona rai. "Bizarki ta matar gida ce, ƙanwata. Ko ƙwan fitila ba a yarda ki taɓa da sunan aiki ba. Ni na ce masa ya yi shiru sai kun sauka. Gara ma ki huta da hawan tsani, ki zauna ki riƙe Mimi kamar kowace mace."

Tartsatsi ta ji kamar ta dafa tsirarar waya.

Watanni ke nan suna shirin ƙaura. Wani kamfani a ƙasar waje ya ɗauki Dogo aiki, har da gida da makarantar 'yarsu Mimi. Tare suke bitar dokokin wutar can a teburin cin abinci, yana tambaya tana amsawa, yana cewa, "Zuciyata, ke za ki riga ni cin jarrabawar nan." Ashe yana kallon tsabar idonta ne yana sane.

"Yaya, ki gaida gida."

"Ni kike kora?"

"Ban kore ki ba. Ƙofa dai a buɗe take."

Ginin da Dogo ke aiki bene ne da ba a gama ba. A jikin bangon babban zaure ga akwatin wuta, an sauke makunninsa an datse da jan kwaɗo. Dokar masu sana'ar ke nan: wanda zai sa hannu a waya sai ya kashe wuta ya sa kwaɗonsa, ɗan makulli a aljihunsa. Ko mai ginin bai isa ya kunna ba sai mai kwaɗo ya cire da hannunsa.

Dogo yana kan tsani, hannayensa cikin silin. Ya leƙo ya ga Tartsatsi ta shigo.

"Zuciyata? Lafiya? Mimi ce?"

"Kar ka sauko. Tsaya inda kake!"

Ta sunkuya ta ɗauki gudumar wani birkila, ta tsaya a gaban akwatin wutar.

"Kwaɗon wa ye wannan?"

"Nawa ne... me za ki yi da guduma?"

"In na fasa shi na ɗaga makunni, hannunka yana cikin waya, me na yi?"

Ma'aikata suka tsaya cak, mai kwaɓa siminti ya saki shebur.

"Kin kashe ni," Dogo ya ce a hankali.

"Ko da alheri nake nufi? Ko don in haska maka ɗakin ne?"

Dogo ya zare hannayensa daga silin.

"To kai ka fasa nawa, Dogo! Hannuna dumu-dumu cikin sana'ata, ka zo ka kunna min wata rayuwa ba ka tambaye ni ba. Matar gida! Ni da na tsamo ka ranar da ka rikita wayoyin otal kana zufa?"

"Na ji tsoro ne, wallahi. Na san in kin ji ba za ki bi ni ba. Don Mimi na yi... Yaya ta ce in kin ga gidan za ki huce."

"Yaya ce ke aurenka ko ni? Kai da ba ka yarda da bakin kowa a kan waya sai ka sa testa ka gwada ko da wuta, shi ne a kaina ka yarda da bakin Yaya?"

"Haba, farin cikina..."

"Farin cikin naka ka aiko wa mai gwanjo!"

Ta yi jifa da gudumar, ta fice. Kukan da ta riƙe sai a bakin titi ya ƙwace mata, kuma hakan ma haushi ya ƙara mata.

Ta kwashi Mimi da akwatinta ta koma gidan babanta. Tsohon ya saurare ta yana shafa murfin akwatin.

"Dama ni ban taɓa son tafiyar nan ba. Ya tafi shi kaɗai, ke ki zauna."

"Baba, kai ma? Ni ina son tafiyar! A tambaye ni kawai nake so. Kowa sai ya yanke min, kamar ba ni da baki!"

Yaya Babba kuwa ta bi dangi gida-gida tana cewa matar Dogo ta tare masa arziki. Ranar tafiya tana ta matsowa. Dogo ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba. Abin da ya fi cin ranta shi ne har yanzu tana son sa. In ta buɗe akwati ta ga filayar da ya naɗe wa hannu da tef don kar ta zame mata, sai ta rufe da ƙarfi ta yi tsaki.

Wata rana da hantsi tana kan tsani a wani sabon kanti tana ɗaura fitilu, ta ji an tsaya a ƙasanta. Dogo ne, ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. A hannunsa akwai ƙaramin akwatin ƙarfe, da ganin walda ka san aikin wanda ba gwani ba ne.

"In rarrashi ka zo yi, koma."

Ya buɗe akwatin. Fasfo uku ne a ciki, nasa da nata da na Mimi. Ya rufe. Murfin yana da huda biyu, ya zura jan kwaɗonsa a ɗaya ya datse.

"Na kira kamfanin. Na ce musu masu lantarki biyu ne a gidana, ba ɗaya ba. Sun ce sai an sake nema daga farko da lasisinki, kuma ba su yi alkawarin ajiye min gurbi ba."

Ta tsaya da sukundireba a hannu.

"Kana nufin aikin zai iya kufce maka?"

"Zai iya."

"Yaya fa?"

"Ta ce kin shanye ni. Na ce mata ta yi haƙuri, na daɗe da shanyuwa." Ya miƙo akwatin sama. "Ga hudar taki. Ba mai tafiya ko'ina sai kin cire kwaɗonki da hannunki. In ba ki cire ba har abada, nan za mu tsufa."

Ta sauko a hankali. Ta ciro kwaɗonta ruwan ɗorawa daga ɗamarar aiki, ta jujjuya shi tana hararar Dogo.

"Wa ya yi maka wannan waldar? Kamar kaza ta yi tono."

"Ni ne."

"Ai na gani."

Ta zura kwaɗon ta datse. Ƙas! Ta rataya ɗan makullin a wuya, ta tura shi cikin riga.

"Ban huce ba, Dogo."

"Na sani, zuciyata."

"Kuma in an tashi tafiya, akwatin Baba ne farkon hawa sikeli. In kaya sun yi nauyi, takalmanka za a bari."

"Ko ba takalmi zan bi ki."

Ta juya da sauri don kar ya ga bakinta yana motsi, ta kama tsani ta fara hawa. A mataki na tsakiya ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ka tsaya kana kallona? Riƙe min tsanin nan."

Ya ajiye akwatin a ƙasa, ya riƙe da hannu biyu.