Mai Tausa a Hanyar Garo

Ni mutum ne mai zargi, ko ƙosai aka ba ni sai na shinshina. Amma ranar da abokina Tasi'u na Kabo ya wuni yana zagayawa da ni a babur, daga kasuwar Gwarzo har gonakin bayan Lakwaya, gajiya ta kashe min wayo. Ƙuguna kamar an yi sussuka a kai.

Dab da magariba muka ga wani shago a hanyar Garo, an rubuta "Ana tausa". Tasi'u ya ce bai taɓa lura da shi ba. Ya sauke ni, ya wuce neman mai.

Na yi sallama. Ba a amsa ba, labule kawai ya ɗaga. Wani dogon mutum ne, hannunsa na dama naɗe da tsumma.

"Kwanta, Malam Lukuman."

Ban gaya masa sunana ba. Na lallashi kaina cewa a bakin Tasi'u ya ji.

Ɗakin yana warin man shanu da toka. A kusurwa tukunya tana tafasa, ban ga wuta a ƙarƙashinta ba. Na cire riga na kwanta rubda ciki, ido ɗaya a buɗe.

Ta hagu ya fara. Babu bisimilla. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"Kun sha shayi a gindin tsamiya ɗazu," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Mun sha."

"Ragowar ruwan zafin fa?"

A kogon saiwar tsamiyar na juye shi, ina ta surutu, ko bisimilla ban yi ba.

A bayan labule jariri ya tsanyare da kuka.

"Da hannuna na tare," in ji mutumin. "Ban tare wa ɗana bayansa duka ba."

Na ji yana jawo tukunyar. Tururi ya taɓa min gadon baya.



Da ƙyar na fizgo bisimilla, na mirgina. Ruwan ya sauka a tabarma, kaɗan ya same ni. Na fita ba riga ba takalmi.

A bakin titi Tasi'u ya tsince ni. Ya haska fitilar babur inda shagon yake. Gonar dawa ce, ga takalmana a kan kunya.

Tabon yana nan a bayana, daidai tafin hannun jariri. Matata tana dariya in ta ga ina jiran ruwa ya huce kafin in zubar. Na bar ta ta yi dariyarta. Amma tun da ta haihu, in aka ɗora tukunya a gidan nan, yaron yana hannuna har a sauke.