Warin da Ita Kaɗai Ta Ji

"Mama, ki yi wa Allah ki bari a kai shi asibiti."

Gwiwa biyu a ƙasa take maganar, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba. Saurayinta ne kwance a doguwar kujerar falon, telan da saura sati uku a ɗaura musu aure. Ya shanye gorar ruwa ta huɗu yana neman ƙari.

"Tashi ki ba ni wuri," in ji mahaifiyarsa. "Jiya kin ce ɗana yana wari, yau kin dawo ki ƙarasa zagin?"

"Ba zagi ba ne, Mama... wani abu nake ji a numfashinsa. Irin ruwan da muke goge jan farce da shi."

Shekara shida tana gyaran farce a shagon kwalliya, ko cikin barci ta ji warin nan sai ta gane shi. Kuma ta taɓa jin sa a bakin mutum: wata mai ciwon suga da ta sulale mata a kujera ana tsakiyar aiki. Hancin nan nata kuwa tun tana ƙarama yake janyo mata baƙin jini. Ita ce mai cewa madara ta juya alhali kowa na sha yana santi.

'Yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan telan, ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago tana yatsina.

"Ni dai turarensa kawai na ji. Mama, so take ta fasa, shi ne take neman abin fakewa."

Oho dai, su faɗi abin da suka ga dama. Ta rarrafa zuwa gefen kujerar, tsoro kamar ya kashe ta.

"Nawa... buɗe ido ka dube ni."

"Gajiya ce kawai, Hanci," ya ce da ƙyar, da sunan da yake tsokanarta. "Daina kukan."

"Ka ce musu za ka je. Don Allah, nawa."

Bai ƙara amsawa ba. Numfashi kawai yake ja, dogo, mai nauyi.

"Barci ya yi," in ji Mama. "Kuma in kika tara mini jama'a a kan ɗana, babu ke babu auren nan."

Ta dubi matar, ta dube shi. Wallahi tana son auren nan kamar ranta.

"Na yarda, Mama. A fasa. Shi dai ya rayu."

Ko takalmi ba ta tsaya nema ba ta fita da gudu, ta dinga dukan ƙofar maƙwabcinsu mai mota har ya fito. Da suka zo ɗaga shi, kansa ya langaɓe. Sai a lokacin Mama ta ɗora hannu a ka.

Bayan la'asar likita ya fito ya same su a barandar asibiti.

"Suga ne ya yi masa mugun hawa. Da kun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Wa ya gane?"

'Yar ƙanwar ta shiga latsa waya.

Ita kuwa ta share hawaye, ta juya za ta tafi, tunda da bakinta ta yarda a fasa. Sai ta ji an riƙe mata mayafi.

"Ni na haife shi," in ji Mama. "Kwana biyu ina zaune a kansa, ban ji komai ba."

"Ba laifinki ba ne, Mama. Ba kowa ke jin sa ba."

"Mutum ɗaya suka ce ya shiga. Wuce, 'yata. Mijinki ne."