Karin Guga

Uban yarinyar ne ya kawo ƙara da kansa. 'Yarsa mai ciwon suga ta rasu, maganin allurarta ya lalace a firij, shi kuwa ya ɗora laifin a kan mai gyaran wutar da ya haɗa musu inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batir.

Insifeta ya sa aka fito da mai gyaran daga sel.

"Ranka ya daɗe, inbatar nan ba abin da ba ta ɗauka."

"Rai aka rasa. Ka bar mini zancen talla."

Mutumin ya sunkuyar da kai. "Firij kaɗai take iyawa. In kwamfuresa, wato injin firij ɗin, zai tashi, fizgar wuta yake yi da ƙarfi. In da wani abu a jone, sai ta yi ƙara ta mutu. Na faɗa wa maigidan."

Insifeta ya bi uban zuwa gidan. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano, zafi kamar tanda. Sati guda unguwar ba wuta. Uwar na zaune kusa da firij, kuka ya cinye mata murya.

"Me kuke jonawa ban da firij?"

"Ba komai. Ko waya a wurin aikina nake caji," in ji matar.

Insifeta ya duba soket. Baki ɗaya ne da shi, gefensa ya yi baƙi. Ya leƙa ƙarƙashin gado, ga dutsen guga na lantarki an tura can ƙurya. Sai ya juya ya kalli uban. Rigarsa ta sha kari, ko tamoji babu.

"Malam, wa ke yi maka guga?"

"Wanki da guga nake kaiwa."

"Tun yaushe?" in ji matar, a hankali.

Uban ya zube a bakin gado.

"Aiki nake nema. Ba mai sauraron mutum da yamutsattsiyar riga. In kin fita nakan zare firij in yi guga. Wasu ranakun na manta ban mayar ba sai yamma. Na ga maganin ya yi gudaji, na ji tsoron faɗa miki. Da hannuna na yi mata allurar."

Insifeta ya ga masu kisa iri-iri, amma bai taɓa jin ankwa ta yi masa nauyi kamar yau ba. Matar ba ta ɗago ba har shi da uban suka kai ƙofa.

A bayansu kwamfuresa ya tashi. Inbatar ta ɗauka lafiya lau, tana sanyaya firij ɗin da ba komai a ciki.