Satar Kofin Dangana

Da hantsi aka kira Sufeto Yazid, wai an yi sata a wata kwaleji mai zaman kanta da ke unguwar Bani Harisa a Madina. Kofi aka sace, na gasar ƙwallon kwando da ake shirya wa kwalejojin da suka kasa shiga babbar gasa, don dai kada su koma gida suna kuka. Ɗalibai 'yan Najeriya suna ce masa Kofin Dangana.

Yazid bai yi mamakin da aikin ya faɗo kansa ba. Haifaffen Madina ne, jikan Kanawa, shi kaɗai ke jin Hausa a ofishinsu. Sa'o'insa duk sun wuce shi a muƙami, shi kuwa tumbi kawai ke yi masa ƙarin girma. Wa ya fi shi dacewa da neman kofin waɗanda aka bari a baya?

A ɗakin wasa ya tarar da mai horar da 'yan wasan, Dakta Abdulazeez, malamin haɗa magunguna, yana ta huci cikin ƙamshin turare. Ƙungiyarsa ce za ta buga wasan ƙarshe jibi.

"Ba sai ka wahala ba, Sufeto. Makullin kabad ɗin kofin biyu ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin mai shara. Na riga na gaya wa kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar nan, ya soke masa iƙama, takardar zama, a mayar da shi Maraɗi."

"Ka yi shari'ar har ka yanke, ya duktur. Ni sai na sha shayi in tafi."

Ba a fasa gilashin kabad ɗin ba. A ciki an bar ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunan gasar, an kwance shi daga gindin kofin a tsanake. Yazid ya juya shi a hannu. Bai taɓa ganin ɓarawon da sunan kaya ke ba kunya ba.

Mai sharar, Maigandi, dattijo ne mai 'ya'ya a makaranta can gida. Takardar zaman nan ita ce abincinsu.

"Baba, ina kake jiya bayan la'asar?"

"Masallaci, ranka ya daɗe."

"Har magariba?"

"Na tsaya lazimi."

"Lazimin ne ya bar maka danƙon dabino a kafaɗar riga?"

Maigandi ya durƙusa. Dako yake yi wa masu Umra a kasuwar dabino, ba da sanin kafili ba. Ko wannan kaɗai ya isa a sa shi a jirgi.

"Tashi. Kofi aka aiko ni nema, ba dabino ba."

Da azahar Yazid ya koma gida hannu wofi. Matarsa Indo ta dawo daga wata walimar mata a unguwar Harra ta Yamma, ta dire masa wata jakar leda mai kauri.

"Tasallah matar Dakta ce ta raba. Ƙanwarta za ta koma Kano gobe daga Umra, shi ya sa aka buga jakunkunan da wuri, a kai wa dangi. Har da kalanda da faranti."

A jikin jakar ga Dakta nan cikin babbar riga, zaune a falonsa, ya rungume kofi kamar jaririn suna. A ƙasa an rubuta: Gwarzon Kwalejojin Madina.

Yazid ya gama cin tuwonsa tukuna. Shari'ar ba ta kai a bar abinci ya huce ba.

Ya sami Dakta a filin wasa yana daka wa yara tsawa. Ya ɗaga masa jakar.

"Mabruk, ya duktur. Ka ci wasan jibi tun jiya."

"Haɗin kwamfuta ne wannan."

"To kwamfutar ta iya kwance allon tagulla. Mu je falon naka, ko a kawo kofin nan?"

Dakta ya dubi yaran, ya rage murya. Tun farkon shekara ya gaya wa surukansa babbar gasa yake bugawa. Aro kawai ya yi don hoto. Sai Tasallah ta ga gindin kofin fayau, ta kai wa mai zane ya sassaƙa Gwarzon Madina a jikin ƙarfen, da sunan mijinta cikakke.

"Ta ina zan dawo da shi haka? Ka duba matsayina, Sufeto."

"Na duba. Shi ya sa ka zaɓi Maigandi ya biya."

"Irinsu ai kullum tafiya suke, wasu na zuwa."

Yazid ya daɗe yana kallonsa, kamar mai duba abin da ya manne masa a takalmi.

"Yalla, mu tafi."

"Don Allah mu bi ta ƙofar baya."

"Haba, ina aka taɓa fitar da gwarzo ta baya?"

Ta tsakiyar fili suka ratsa, yara sun riƙe ƙwallo suna kallo. A bakin ƙofa Maigandi ya janye tsintsiyarsa ya ba su hanya. Yazid ya miƙa masa hannu, ya ce masa ya wanke rigar nan kafin kafili ya gani.

Da yamma aka kai kofin ofis a matsayin shaida. A cikin jakar walimar aka sako shi, kuma Yazid ya yaba, don ledar tana da ƙwari.